Gidanmu na Awon Igiya

Ranar da muka tashi daga Mandawari ina da shekara goma sha ɗaya. Kayanmu kaf a akori-kura ɗaya suka shige: gadon Umma, katifu uku, kwanukanta da ta naɗe cikin tsofaffin zannuwa, buhun littattafan Baba, da wata akuya da Hajiya kakata ta ba mu. Ni da ƙanena muna baya a kan katifa, muna ta ɗaga wa yaran layi hannu kamar masu tafiya Makka. Muka bi ta Tal'udu, muka fita Ƙofar Kabuga, muka miƙe titin Gwarzo har muka wuce Rijiyar Zaki. Daidai sabuwar Jami'ar Bayero direba ya sauka daga kwalta ya kama wata hanya mai ƙura, ya nufi cikin Danbare. Daga nan murnata ta fara raguwa. Gidaje suka yi ta nisa da juna, sai kangwaye, sai gonakin da aka girbe. Da motar ta tsaya ƙanena ya dubi Umma ya ce, "Ina garin yake?"

A 2016 ke nan. Gidan ɗaki biyu ne da falo. An rufa kwano amma ba silin, ba a yi shafe ba, ba daɓe sai a ɗakin Umma, tagogin falo kuma da bulo aka toshe su kafin a samu kuɗin ƙarfe. Abu ɗaya ne aka gama tsaf, wato katanga da get. Katangar ta fi Baba tsawo nesa ba kusa ba, get ɗin kuma baƙin ƙarfe ne mai sakata biyu. Daga baya na lura duk gidajen wurin haka suke. Kowa da katanga yake farawa, don ita ce ke hana wani ya ci maka iyaka, ita ce kuma ke tsare maka bulo da siminti.

Kada ku ɗauka korar mu aka yi daga cikin gari. Gidanmu na Mandawari gidan gado ne. Baba da 'yan'uwansa uku, kowa da iyalinsa, ga Hajiya, ga almajiran da ke kwana a soro, mun haura mutum talatin. Mu huɗu a ɗaki ɗaya muke. Da safe layin banɗaki ake yi, wanda ya makara ya tafi makaranta da wankan jiya. Baba malamin makaranta ne, kuma tun 2011 ya sayi filin nan da kuɗin adashi da na wata gona da ya gada. Shekara biyu filin yana zaune da turaku huɗu kawai. Daga nan ya riƙa gini kamar yadda kaza ke shan ruwa: wannan watan bulo ɗari, wancan watan tifar yashi, idan albashi ya yi jinkiri birkila ya tafi wani aikin. Duk ranar Asabar sai ya hau Adaidaita Sahu ya zo ya ƙirga bulonsa.

Filin namu irin wanda ake kira awon igiya ne. Na san da yawa daga cikinku a irin wannan unguwa kuke zaune, wataƙila ba ku taɓa tambayar asalin sunan ba. Gona ce mai ita ko magadansa za su sayar wa dillalai. Dillalai su zo da igiya da turaku su yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa hamsin da hamsin, ko hamsin da ɗari ga mai ƙarfi. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, shi ke nan ka zama mai fili. Tunda kowace ƙafa kuɗi ce, hanyar da ake bari ba ta wuce mota ɗaya ta ratsa da kyar. Ba a barin wurin kwata, balle filin makaranta ko na wasa. Masallacinmu ma wani bawan Allah ne ya yanki kusurwar filinsa ya bayar.

Watannin farko sun yi mana tsawo. A Mandawari idan gishiri ya ƙare Umma ba ta ko tashi daga gaban murhu, murya kawai za ta ɗaga. A nan sai na yi tafiyar minti goma sha biyar kafin in tarar da mai kanti. Ruwa sai na 'yan garuwa, su ma sai an roƙe su suke turo kurarsu cikin yashinmu. Da daddare ba ka jin komai sai kwaɗi da haushin karnuka daga nesa. Na sha shiga ɗaki in tarar da Umma zaune da rediyo a cinya ba ta kunna ba. Idan na tambaye ta sai ta ce mura ke damunta.

Akwai gidaje wajen bakwai da mutane a ciki a layinmu, amma ba mu san kowa ba. Mazan suna fita da sassafe, su dawo bayan isha'i, get ya buɗe ya rufe. Mu yara da launin ƙofa muke bambanta su: gidan jan get, gidan shuɗin get, gidan mai kare, gidan Bayerabe. A masallaci a yi sallama a gaisa, kowa ya sa takalminsa ya wuce. Kowa daga wata unguwar ya zo, kuma zuciyar kowa tana can inda ya baro. Mu kanmu duk Juma'a a Mandawari muke yini, can ne gida, nan kuwa wurin kwana.

Zan faɗi wani abu da nake jin kunyarsa yanzu. A ajinmu na ƙaramar sakandare idan aka tambaye ni inda nake zaune, cewa nake yi "wajen jami'a", in yi shiru, in bar mutum ya ɗauka gidajen malaman jami'a nake nufi. Shekara uku ban taɓa kawo aboki gida ba. Wani abokina ya nace sai ya raka ni ranar wata Alhamis, na yi ta zagaye da shi, a ƙarshe na ce na tuna an aike ni. Ba na so ya ga bangon da ba shafe, da tagar da aka toshe da bulo, da akuya a tsakar gida. Ban taɓa tunanin watanni nawa Baba ya yi da takalmi ɗaya kafin a ɗora kwanon nan ba. Yaro ba ya wannan lissafin, ko kuma ni ne ban yi ba.

Mutum ɗaya ne a unguwar ya san kowa. Wani dattijo ne siriri da ke gadin kayan gini a kangwayen layinmu, muna ce masa Baba Maigadi. Masu gini ne ke haɗa masa ɗan abin da ya samu a wata. Yana da 'yar rumfa ta buhu da kara a gindin wata ɗorawa, da tocila, da gora, da butar shayi. Na daɗe ina ɗaukarsa baƙo ne da ya zo cin rani. Wata rana ina wucewa da jarka ya kira ni, ya ce, "Ɗan Malam, ka san inda ɗakin babarka yake? Nan rumbuna yake." Ashe duk layin namu da na bayansa gonar mahaifinsa ce. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka ce a sayar. Da kasonsa ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya saya wa babban ɗansa babur don ya yi acaɓa. A farkon 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano. Ya ba ni labarin nan yana dariya, yana firfita garwashin shayinsa, kamar labarin wani yake bayarwa.

Shi ne ya gaya wa Baba tun ana haƙa harsashi cewa a ƙara wa ginin tsawo daga ƙasa, don wurin hanyar ruwa ce. Baba ya ji maganarsa ya ƙara layin bulo biyu. Maƙwabcinmu na gabas bai ji ba, duk damina sai sun kwashe ruwa da bokiti daga falo.

Sai daren da ya sa nake wannan rubutu. Watan Agusta ne na 2018, ina da shekara goma sha uku. Baba yana ƙauyen da aka tura shi koyarwa, sai ƙarshen mako yake dawowa. Umma tana da tsohon ciki, amma a lissafinta da sauran sati uku, har an shirya ƙanwarta za ta zo daga cikin gari ta zauna da mu. Tun bayan isha'i ake sheƙa ruwa. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ana taɓa ƙafata. Na buɗe ido na ga Umma a durƙushe ta dafa bakin katifa, ta ce in kira Babanmu. Kwana huɗu ba wuta, cajin wayar saura ƙiris. Baba ya ɗauka, ya ce zai kira Baffa a Mandawari ya nemo mota. Ni da shi duk mun san Baffa ba shi da mota, mun kuma san ba direban da zai shigo layinmu cikin wannan ruwa. Kafin ya sake kira wayar ta mutu.

Umma ta ce, "Je ka buga wa maƙwabta."

Na tsaya ina kallonta. Wane maƙwabcin? A Mandawari da tuni mata goma sun cika ɗakin, wata ta ɗora ruwan zafi, wani ya ruga kiran mai mota. A nan shekara biyu muna zaune, ban san sunan mutum ko ɗaya ba.

Na fita ba takalmi. Ruwa ya kai mini ƙwauri. Na fara da jan get, na buga da hannu, na buga da dutse, ina "Salamu alaikum! Masu gida!" Ƙarar ruwa a kan kwano ta shanye muryata. Na wuce shuɗin get. A nan na ga an haska fitila ta taga, na ƙara ƙarfi, sai aka kashe fitilar. Wannan kashe fitilar ta daɗe a raina. Yanzu na fahimci dalili: an sha ba da labarin ɓarayin da ke turo yaro ko mace su yi kuka a ƙofa da tsakar dare, kuma wanda ke bugun bai kira sunan kowa ba, bai kuma faɗi sunan da aka sani ba. Na fahimta, amma har gobe idan na wuce gidan sai na tuna.

Ina ƙofa ta biyar ina kuka sosai sai haske ya dalle mini ido. Baba Maigadi ne, ya kifa buhu a ka, gora a hannu. Ya ce, "Kai wane ne? Ɗan Malam? Lafiya?" Na gaya masa. Bai ce komai ba, ya kama hannuna muka nufi gidan da muke kira gidan Bayerabe. Bai taɓa get ɗin ba. Ya zagaya ta baya inda tagar ɗakin maigidan take kusa da katanga, ya ɗaga murya ya kira shi da sunan babbar 'yarsa, Baban wance, har sau uku, sannan ya faɗi nasa sunan. Ba a yi minti biyu ba muka ji ana zare sakata.

Mutumin ma'aikaci ne a jami'a, yana da wata tsohuwar Golf. Matarsa ta fito da zani a kafaɗa, ko tambaya ba ta yi ba ta shige gidanmu, gidan da ba ta taɓa takawa ba, ta rungumo Umma. Da ya tayar da mota zai bi hanyar da kowa ke bi, Baba Maigadi ya buga masa boned da tafin hannu. Ya ce, "Kada ka bi nan, Alhaji. Nan fadama ce, shinkafa nake sawa a wurin, za ka kafe. Biyo ni ta gindin ɗorawa, can tudu ne, gyaɗa nake shukawa." Ya shige gaba da tocilarsa, mota tana bin sa a hankali kamar ana rakiyar amarya. Muka ratsa ta bayan wani kango, muka bi ta filin da ba a gina ba, muka yi kwana a inda ni ban taɓa sanin akwai hanya ba. A cikin duhun nan ni gidaje da katangu nake gani, shi kuwa gonarsa yake gani. Sai da tayoyin suka hau kwalta ya tsaya, ya ce zai koma ya zauna a ƙofarmu saboda ƙanena da muka bari yana barci.

Ana kiran assalatu Umma ta haihu a Asibitin Murtala. Mace ce. Matar maƙwabcin namu ce ta fito ta gaya mini, da Hausarta mai ɗan karkata, ta ce, "Ka yi ƙanwa, ka daina kuka haka nan."

Da Baba ya dawo na ba shi labari duka, har da fitilar da aka kashe. Na zaci zai yi faɗa. Shiru ya yi, can ya ce, "Mu ma da wani ne ya buga mana, da ba mu buɗe ba." Ana jibi suna ya ɗauki goro da alawa da wani sabon littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ce in biyo shi. Gida-gida muka bi. Duk inda aka buɗe sai ya faɗi sunansa da aikinsa da unguwar da ya baro, ya gayyaci maigidan suna, sannan ya roƙi a ba shi suna da lambar waya. Ni ne mai rubutawa. A ranar na san mai jan get tela ne a Kantin Kwari, mai kare kuma tsohon soja ne. Mai shuɗin get ya daɗe yana riƙe da hannun Baba, ya kasa haɗa ido da ni. Ranar suna shi ya fara zuwa, da tabarmi biyu a kafaɗa.

Littafin nan shi ya zama kwamitin unguwa. Ba zan ce muku daga ranar komai ya gyaru ba. An yi karo-karo an zuba marmara tifa shida a hanyar fadama, ruwan shekara mai zuwa ya tafi da rabinta. An haɗa kuɗin falwaya da waya, wani ya ƙi biya amma ya fi kowa saurin jan wuta. An kusa dambe a kan wanda ya fito da ramin masansa cikin hanya, maganar sai da ta kai gaban mai unguwa. Akwai mutum biyu a layinmu da har yau ba sa gaisawa saboda taku ɗaya na iyaka. Sai dai ko faɗan ma yanzu da suna ake yi. Lokacin kullen korona a 2020, da ya haɗu da azumi, da littafin aka zauna aka duba gidajen da maigidan ke cin abinci daga fitar yau da kullum, aka riƙa kai musu ɗan abin da ya sawwaƙa bayan magariba ba tare da an yi shela ba. Umma kuwa ta samu abokiyar hira. Ta koyi yin amala, ita kuma ta koya wa maƙwabciyarta dambun shinkafa, kodayake kowacce tana cewa ɗayar ba ta iya ba tukuna.

Yanzu ina aji biyu a jami'ar da na riƙa fakewa da sunanta, ina karanta labarin ƙasa, kuma da ƙafa nake zuwa. A aji na ji an yi bayanin unguwarmu kamar malamin ya taɓa kwana a cikinta. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan tara, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Birnin da a da ganuwa ta kewaye shi yanzu ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, har da Kumbotso inda muke da Ungogo da ke maƙwabtaka da mu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, wato takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaidar ciniki ce kawai, takardar mallaka ta gwamnati daban take. Baba ya san haka. Takardarsa tana cikin leda a ƙasan akwatin Umma, kuma duk lokacin da aka ce za a fitar da sabon titi ta wajenmu sai barcinsa ya ragu.

Wasu 'yan ajinmu suna maganar awon igiya da raini, wai mutane ne ba sa son tsari. Ni ba na iya yin shiru idan aka faɗi haka. Malamin makaranta mai iyali ba zai iya sayen fili a shimfiɗar gwamnati ba, ɗaki ɗaya a gidan gado kuma ba ya ƙara faɗi don yara sun girma. Manomin da gari ya iso bakin gonarsa, shi ma ba a bar masa zaɓi mai yawa ba. Masu tsara gari ne ke isowa a makare, bayan an gama gini an toshe hanyar ruwa. Wannan ra'ayina ne, na kuma san ɗan aji biyu ne ke faɗar sa.

Gidanmu an yi silin, an sa tagogi, an yi shafen ciki, har da 'yar sola mai ɗaukar fitila da cajin waya, wadda Baba ya saya tun kafin ya sayi kujerun falo. Waje ne dai har yau bulo tsirara. Lokacin da ya fara gini buhun siminti bai kai naira dubu biyu ba, a farkon 2024 ya haura dubu goma. Duk shekara sai ya ce bana za a yi, sai kuɗin makarantata ya taso. Abokaina na jami'a suna zuwa, a falon nan muke karatun jarrabawa, jikokin akuyar Hajiya suna leƙo mu ta ƙofa.

Baba Maigadi ya bar layinmu. Kangwaye sun ƙare, ba sauran bulon da za a yi gadi. An sare ɗorawar, wurin yanzu shagon cajin waya ne. Ya matsa gaba wajen Langel, inda ake jan sabuwar igiya a gonakin wasu. Yakan zo da Sallah, Umma ta zuba masa tuwo a kwanon Baba, ƙanwata ta zauna kusa da shi tana wasa da tocilarsa.

Fili na ƙarshe a layinmu, inda muke buga ƙwallo, an gine shi bara. Katangarsa ta fi ta kowa, har da waya mai ƙaya a sama. Makon jiya masu gidan suka tare. Washegari Umma ta zuba dambu a kwano ta ba ƙanwata, wadda yanzu take da shekara bakwai, ta ce ta kai musu, Baba kuma ya ce in bi ta da littafi. Littafi na uku ke nan, na farkon ya cika tuntuni. Ta daɗe tana bugu kafin wani yaro kamar ɗan shekara goma sha ɗaya ya buɗe 'yar ƙofar, ya leƙo da rabin fuska. Daga ciki muka ji muryar mace tana cewa ya tambaya daga wane gida ne.

Kafin in buɗe baki ƙanwata ta ɗaga murya ta ce, "Daga gidan Malam, wanda ba a yi wa shafe ba!"

Matar ta ce, "Au, na gane. Ku shigo mana."